Me Ke Sa Kare Tari, Kuma Yaya Ake Yi Masa Magani?



A hunturun da ya wuce, wata safiya bayan an tashi daga karatun asuba, wani dattijo mai noman rani a fadamar bayan gari ya yi sallama a zauren mahaifina. Ya durƙusa aka gaisa, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ya ce: "Allah ya gafarta Malam, tambaya gare ni, amma ina jin nauyinta. Karen da ke yi mini gadin lambu ne yau kwana biyar yana tari, bai barci ba, ni ma ban yi ba. Shin ya halatta in ɗauki kuɗin gumina in saya wa kare magani?" Almajirai suka sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Malam bai yi dariya ba. Ya tambaye shi shekara nawa karen ya yi yana tsaron albasarsa da tumatirinsa. Ya ce shida. Malam ya ce: "Bawan Allah, ma'aikacin da ya yi maka shekara shida bai taɓa tambayarka lada ba, shi ne yau kake neman fatawa kafin ka yi masa magani? Tashi ka kai shi wurin ma'aikatan kiwo." Sa'an nan ya dube ni ya ce in raka shi, tun da na yi boko, in ji abin da za su faɗa da Faransanci in mayar masa da Hausa.

Abin da na ji a can, da wanda na bi diddiginsa daga baya, shi na kawo muku a wannan fitowa. Na san wani zai ce shafin iyali ya rasa abin magana sai kare. To, ko mun so ko mun ƙi, kare yana tare da mu: yana bayan garken makiyayi, yana bakin lambu, yana gaban mafarauci, yana kwance a ƙofar gidajen birni. Kuma ba manya ke shafa shi ba, yara ne.

Ta fuskar addini maganar ba ta da tsawo. Shari'a ta yi izinin riƙon kare domin farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a cikin Bukhari da Muslim akwai labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. A mazhabar Imamu Malik da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, haka ma yawunsa; wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki bauta ce da bin umarni. Sauran mazhabobi suna da nasu ra'ayi. Sai dai a riƙe wannan da kyau, domin za mu komo kansa: tsarki a wurin malamin fiƙihu daban, rashin cuta a wurin likita daban.

Tari alama ce

Tari ba shi ne cutar ba. Hanya ce da jiki ke bi ya fitar da abin da ya dame shi a maƙogwaro ko a huhu, ko ƙura ce, ko majina, ko ruwa. Saboda haka babu wani abu guda da ake kira maganin tarin kare. Sai an san abin da ya tayar da shi.

Mafi sauƙi shi ne na yanayi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na busar da maƙogwaron kare kamar yadda take busar da namu, hazo na shiga masa hanci. Karen da ake ɗaurewa kusa da murhu ko inda ake ƙona shara yana shaƙar hayaƙi dare da rana. Akwai kuma igiya: kare mai fizga, in an ɗaure shi a wuya da sarƙa ko igiya mai zargewa, yakan ƙuje maƙogwaronsa har ya riƙa tari. Irin wannan, da an kawar da dalilin yake wucewa.

Na biyu shi ne tarin da karnuka ke ɗauka a junansu, wanda likitoci ke kira toux de chenil da Faransanci, wato tarin gidan karnuka. Ƙwayoyin cuta da dama ke haɗuwa su kawo shi. Fitacciya a cikinsu ita ce Bordetella bronchiseptica, ƴar'uwar wadda ke sa wa yaranmu tarin shiƙa. Yana yaɗuwa ta iska da kwanon ruwa, duk inda karnuka suka taru, kamar ranar fita farauta ko lokacin da suke bin karya. Yakan bayyana kwana 3 zuwa 10 bayan haɗuwar. Busasshen tari ne mai ƙara, yana zuwa a jere, ya ƙare da yunƙurin amai har kare ya tofar da ƴar farar kumfa. In ka taɓa masa wuya sai ya sake ɓarkewa. Amma duk da wannan hayaniya za ka ga yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, idonsa garau. Mafi yawa yana warkewa da kansa cikin mako 1 zuwa 3.

Na uku ba ya da wannan sauƙi. Ita ce cutar da ake kira maladie de Carré, da sunan wani likitan dabbobi Bafaranshe, Henri Carré, wanda ya nuna a 1905 cewa ƙwayar birus ce ke kawo ta. (Sunan nasa a bakin Bahaushe kusan ɗaya yake da sunan dabbar, ikon Allah.) Wannan ƙwaya dangi ɗaya suke da ta ƙyanda a wurin yara, da ta bushiya wadda ta sha ƙarar da shanun kakanninmu kafin a ba da sanarwar kawar da ita daga duniya a 2011. Kamar ƙyanda, ƙanana take fi kamawa: kwikwiyo ɗan wata 3 zuwa 6 da ba a yi wa rigakafi ba. Takan fara da zazzaɓi da kwantsa mai kauri a ido da majina a hanci, sai tari mai damshi, sai amai da zawo. Wani ya mutu a nan. Wani ya yi kamar ya farfaɗo, bayan makonni sai ta hau masa kai: tsokar fuska ko ta ƙafa ta riƙa motsi ita kaɗai, muƙamuƙi na taunar iska, ko ya riƙa faɗuwa kamar mai farfaɗiya. Wani kuma tafin ƙafarsa da kan hancinsa su yi kauri su bushe. Duk mafaraucin da ya taɓa rasa kwiyakwiyai biyar cikin wata guda ya san ta, ko da bai san sunanta ba. Ba ta tsaya ga karnuka ba: a 1994 ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na zakunan dajin Serengeti a ƙasar Tanzaniya. Har yau babu maganin da ke kashe ƙwayar. Abin da likita ke yi shi ne tallafa wa jiki da ƙarin ruwa da maganin ciwon huhun da ke biyo baya, sauran kuma sai yadda Allah ya yi. Amma allurar rigakafinta tana aiki ƙwarai. Ba ta kama mutum.

Sai tsutsotsi. Kwikwiyo yakan fito daga cikin uwarsa da ƴaƴan macijin ciki, su bi ta huhu kafin su sauka hanji, shi ya sa za ka ga ɗan kwikwiyo da ƙaton tumbi yana tari. Ƙwan wannan tsutsa na fita cikin kashinsa, ya zauna a ƙasar da yara ke rarrafe. Akwai wata da sauro ke sa wa kare, ta girma a zuciya da jijiyoyin huhu har tsawonta ya kai santimita 30. An fi samunta a wurare masu zafi da damshi, kuma takan yi wata 6 ko 7 kafin ta balaga, saboda haka tarinta a hankali yake zuwa, tare da saurin gajiya. Wata kuma daga buzuzu take, ko daga ƙadangare da kayan cikin kaza da suka ci buzuzun. Takan yi ƙulli a hanyar abinci, kare ya riƙa mayar da abin da ya ci yana ramewa.

Tsohon kare kuwa, wanda ya haura shekara 8, in yana tari da dare ko da asuba, yana haki daga ɗan gudu, cikinsa na kumbura, a yi zaton zuciya. In ta raunana takan girma ta danne hanyar numfashi, ruwa kuma ya taru a huhu. Ba ta warkewa, amma akwai ƙwayoyin da ke rage ruwan su ƙarfafa bugunta, kare ya ƙara watanni ko shekaru cikin sauƙi.

Abu ɗaya kuma da ba a cika samu ba, amma ya shafi iyali: kare na iya ɗaukar tarin fuka daga mutum, in yana lasar kakin mai ciwon, ko daga ɗanyen nono da huhun saniya mai cutar. In kare ya yi watanni yana tari yana ramewa, kuma akwai wani a gidan da shi ma ya haura mako biyu yana tari, to mutumin za a fara kaiwa awon kaki.

"Ƙashi ne ya maƙale masa"

Nan ne na fi son mai karatu ya natsu. Da muka isa wurin ma'aikacin kiwo, bai fara taɓa karen ba. Daga nesa ya tsaya yana kallonsa, ya yi wa dattijon tambaya uku: An taɓa yi masa allurar haukan kare? Wani kare ko dila ya cije shi a watannin nan? Ka sa hannu a bakinsa? Amsar ta farko a'a ce. Ta biyu, bai sani ba, kare ne mai kwana a fili. Ta uku kuwa sai dattijo ya ce: "Ƙwarai, shekaranjiya na zura hannu har wuya, na zaci ƙashi ne." Na ga fuskar ma'aikacin ta sauya. Ya ce ya miƙo hannun. Hannun manomi ne a cikin hunturu, duk faso da tsagewa.

Dalilin tambayar shi ne wannan. Mu dai abin da muka sani na haukan kare shi ne wanda ke gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Akwai wani nau'i na biyu, mai shiru. Ƙwayar takan shanye tsokar maƙogwaro da muƙamuƙi, sai bakin kare ya saki ya kasa rufuwa, ya kasa haɗiye yawu, dalala na zuba, haushinsa ya dishe, yana kakari kamar wanda abu ya tokare wa wuya. Bai ciji kowa ba, yana kwance a inuwa abin tausayi. Mai shi, don jinƙai, sai ya buɗe bakin ya zura hannu neman ƙashin da babu shi. Yawun nan cike yake da ƙwayar cutar, kuma ba sai da cizo take shiga ba: ƙujewa, ko faso, ko ido, ko leɓe sun ishe ta. Ga inda maganar fiƙihun nan ta komo. Yawun da malami ya ce ba ya ɓata tufar salla, shi ne likita ke cewa yana iya kisa, kuma kowannensu ya yi gaskiya a fagensa. Kada kuma a ce ai yana kusantar ruwa, ba hauka ba ne. Tsoron ruwa alama ce ta mutum. Kare mai cutar yakan je bakin kwano, haɗiya ce ke gagararsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma kimanin 4 cikin kowane 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Takan ɓuya a jikin mutum wata 1 zuwa 3, wani lokaci fiye, har a manta da abin da ya faru. Da zarar alamunta sun fito, kusan babu mai tashi. Amma kafin su fito ana iya tare ta sarai, tun daga 1885 da Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da allurarsa a birnin Paris. Wanda yawun kare abin zargi ya taɓa masa rauni, ko aka cije shi, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ba tare da ya ɗaure shi da ganye ko ya zuba toka ba, sa'an nan ya tafi likita a ranar. Shi kuma karen a killace shi inda yaro ba ya kaiwa, kwana 10 zuwa 15 gwargwadon yadda ma'aikatan kiwo suka tsara, domin kare mai wannan cuta ba ya wuce kwana goma da fara nuna ta. Mutum ba ya jiran ƙarshen kwanakin kafin ya fara allura.

Ba a ce ƙashi ba ya maƙalewa ba. Yana yi, musamman bayan babbar salla da ƙasusuwa suka yi yawa, da dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa kamar tsinke. Ƙarangiya ma takan bi numfashi ta shige. Wannan yakan zo farat ɗaya, kare na cikin ci, ya riƙa kai ƙafa baki yana murza fuska a ƙasa. Duk da haka ciro shi aikin likitan dabbobi ne, mai safar hannu da abin kamu.

Jinya da magani

Karen da ke tari amma yana ci yana sha yana harkarsa, jinyarsa a gida take. A ware shi daga sauran karnuka har mako 2 bayan tarin, da kwanonsa shi kaɗai. A ba shi hutu, ba farauta ba bin garke. A matsar da shi daga hayaƙi da mashigar iska, a shimfiɗa masa buhu, a ɗan yayyafa ruwa a ƙasar wurin don ƙura ta kwanta. A kwance igiyar wuya a ɗaura ta ƙirji da kafaɗu. Abinci ya zama mai laushi da ɗumi, kamar tuwo da aka dama da romo. Ƙaramin cokali na zuma sau biyu ko uku a yini yana sanyaya maƙogwaron babban kare.

Abin da ba a so shi ne a buɗe kwandon maganin gida. Ibuprofen da diclofenac da muke sha don ciwon jiki suna huda tumbin kare su lalata masa ƙoda. Paracetamol in ya yi yawa yana cin hantarsa, kyanwa kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Tafarnuwa da albasa, da wasu ke dakawa don tari, suna farfasa jinin kare. Allurar ivermectine ta shanu, da makiyaya ke yi wa kowace bisa, in aka zarce awo takan sa kare karkarwa da makanta. In kuwa yana da tsutsar zuciya, ba shi magani ba tare da awon jini ba na iya jawo abin da ake gudu. Su kuma kafso ja-da-rawaya na masu talla a kan tire, waɗanda rana ta gasa, ba sa taɓa birus ko kaɗan. Antibiyotik yana da wurinsa, likitoci kan ba da doxycycline in akwai zazzaɓi ko majina mai ruwan ɗorawa, amma da awon nauyin kare, kuma a cika kwanakin.

Akwai lokacin da jinyar gida ta ƙare. In kare ya ƙi abinci yini biyu, ko yana numfashi da ciki baki buɗe alhali ba zafi ake ba, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko akwai jini a abin da yake tofarwa, ko tarin ya wuce mako 3, a kai shi. Kwikwiyo da tsohon kare ba a jira da su ko kwana biyu. Ga wani awo da ba ya bukatar kuɗi: in yana barci, a tsaya daga gefe a ƙirga sau nawa ƙirjinsa ke ɗagawa a minti ɗaya. Lafiyayye ba ya wuce 30. Mai ma'aunin zafi kuma ya sani zafin jikin kare ya fi namu, 38 zuwa 39 daidai ne, daga 39 da rabi zazzaɓi ne.

Rigakafi kuwa tsarinsa sananne ne. Maganin tsutsa daga mako 2 da haihuwa, ana maimaitawa duk mako biyu har wata 3, daga nan duk wata uku. Allurar da ta haɗa cutar Carré da wasu cututtuka a mako 6 zuwa 8, a sake bayan mako 3 ko 4, har kwikwiyo ya kai wata 4. Allurar hauka daga wata 3, a riƙa sabuntawa yadda aka rubuta a takardar. Wanda ke shakkar amfanin wannan ya dubi Injamena: a 2012 da 2013 an bi unguwa-unguwa ana yi wa karnuka allura kyauta, aka samu fiye da 70 cikin 100, cutar ta ɗauke daga birnin tsawon watanni, sai daga baya karnukan waje suka sake shigo da ita. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da haukan kare ta duniya, kuma a wurare da yawa akan yi allurar kyauta ko da rangwame a lokacin. Yana da kyau a tambayi ma'aikatar kiwo mafi kusa.

Dattijon namu dai a ranar aka tura shi likita, ya wanke hannu, aka fara yi masa allura, yana ta mita cewa shi da ya kawo marar lafiya shi aka mayar majinyaci. Karen aka ɗaure shi a wata bukka a ƙarshen lambu, ana tura masa abinci da sanda. Ya ci, ya sha, bakinsa bai saki ba. A mako na biyu tarin ya fara ja da baya, ranar kwana goma sha biyar ma'aikacin ya zo ya duba shi ya ce tarin gidan karnuka ne da ƙurar hunturu ta tsananta, ya yi masa allurar hauka ta farko a rayuwarsa, ya rubuta takarda. Da aka cire albasa, dattijo ya kawo kwando guda zaure, ya ciro takardar daga aljihun taguwa, a naɗe cikin leda tare da katinsa na ɗan ƙasa, ya miƙo mini ya ce in duba masa watan da aka rubuta za a koma.